Yadda muka auna ƙarfin hanya tsakanin Figil da Marwa

Arewacin Kamaru gaba ɗaya hanya guda ya dogara da ita, hanyar ƙasa mai lamba 1. Daga Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, take gangarowa ta haye Binuwai ta shiga Garwa, ta bi ta Pitowa da Figil ta isa Marwa, daga nan sai Mora, Waza, Dabanga, har Kuseri, inda ake haye kogin Logon a shiga Injamena. Cadi ba ta da teku. Mafi yawan kayan da take sayowa daga waje ta tashar Duwala suke shigowa, kuma da yawa daga cikin manyan motocin da ke ɗauke da su ta nan suke bi. Ga auduga, ga simintin Figil, ga albasa da shanu masu gangarawa kudu.

Ni ma'aikacin gwajin ƙasa ne a wani ofishin injiniyoyi a Garwa. Aikin da aka ba mu a wani yanki na wannan hanya, tsakanin Figil da Marwa, ba na gyara ba ne. Tambaya aka yi mana tun kafin a fitar da kuɗin gyaran: ina ne fatar kwalta kaɗai ta tsufa, ina ne ake bukatar ƙarin kauri, ina ne kuma babu makawa sai an tone har ƙasa an sake gini. Kwaltar da matafiyi yake gani 'yan santimita ce kawai. Ƙarƙashinta akwai shimfiɗar farko ta marmara ko niƙaƙƙen dutse, sai ta biyu, sai ciko, sai ƙasar wurin ta asali. Waɗannan su ne ke ɗaukar nauyin mota, kuma su aka aike mu mu bincika.

Abu na farko da injiniyan da ke jagorantarmu ya kafe a kai shi ne lokaci. An so mu fita tun cikin bazara don a gama da wuri, ya ce a'a, sai ƙarshen damina. Dalilinsa kuwa duk wanda ya san ƙasar nan zai yarda da shi. Daga an doshi Marwa, hanyar takan ratsa filayen baƙar laka da Fulani ke kira karal, inda ake dashen masakwa. Da rani lakar nan takan bushe ta yi tauri, ta dare har mutum ya zura hannu a tsagar. Da ruwa ya sauka sai ta sha ta kumbura ta yi laushi. Wanda ya auna hanya a watan Maris ko Afrilu zai ga ƙarfin da ba nata ba ne, na fari ne. Don haka muka fita a daidai lokacin da manoma suka fara dashen masakwa, ruwa ya fara ɗaukewa amma ƙasa tana jiƙe har ciki.

Takardun sanar da hukuma da jandarma ofis ya riga ya aika. Mu kuma duk ƙauyen da za mu yi tono kusa da shi sai mun fara zuwa gaida lawan ko jauro, mun gaya masa abin da ya kawo mu. Ladabi ne, kuma daga baya za a ga amfanin da ya yi mana.

Da ƙafa muka fara. Mutum biyu a gaba da keken awon nisa da gwangwanin fenti, suna rubuta lamba a bakin kwalta kowane mita 100, ni a baya da takarda ina rubuta abin da na gani. Tsarin da muke bi na Faransa ne, ana kiransa VIZIR, kuma amfaninsa shi ne yana tilasta maka ka raba lalacewa gida biyu. Akwai wadda ke nuna ciwo a cikin jikin hanya: kwarin da tayoyi suka yi a tsawon hanya, lotsawa, tsagewar gajiya, da tsattsagewar nan mai gida-gida da muke ce wa fatar kada, har da faci, domin wurin da aka yi ta yi wa faci akwai abin da ya sa. Akwai kuma wadda ta tsaya a sama: tsakuwa ta ɓaɓɓalle, kwalta ta narke ta taso, baki ya gutsure. Kowace ana ba ta mataki daga 1 zuwa 3, a duba yawanta, a ƙarshe kowane yanki ya sami maki daga 1 zuwa 7. Maki 1 da 2 hanya ce mai lafiya, 3 da 4 ta fara gajiya, daga 5 zuwa sama ta lalace. Kwarin taya kuwa ba da ido muke yanke masa hukunci ba. Miƙaƙƙen ƙarfe ake giciyawa a kai a auna zurfin; abin da ya wuce santimita 4 ya shiga mataki na uku.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma tafiyar ƙafar nan ta nuna mana abubuwa biyu tun kafin mu ɗauko na'ura. Hannun da motoci ke bi idan sun nufi arewa ya fi ɗaya hannun kwari, domin a nan ne suke tafe da cikakken lodi. Sa'an nan duk inda hanya ta shiga karal, akwai wasu dogayen tsagu da ke bin tsawonta kusa da baki. Waɗannan ba aikin taya ba ne. Lakar da ke ƙarƙashin gefe ta fi ta tsakiya saurin jiƙa da saurin bushewa, sai gefen ya riƙa tashi yana sauka kowace shekara har kwalta ta dare. Daga nan ruwa ya sami ƙofa.

Na kuma rubuta halin kowane kwalbati da kowace magudana. Wannan shafi ne da mutane ba su cika karantawa ba a rahoto, ni kuwa a ganina ya fi wasu da yawa nauyi.

Gargadar hanya mun aune ta da na'urar da ake ɗaura wa ƙaramar mota, tana ba da lissafin tashi da saukar da motar ta yi, mita nawa cikin kowace kilomita. Wannan bai ɗauke mu lokaci ba, kuma abin da yake gaya maka shi ne wahalar da mota da fasinja suke sha. Ƙarfin ciki wani awo ne dabam.

Awon ƙarfin shi ne zuciyar aikin, kuma da sandar Benkelman muka yi shi. Tsohon kayan aiki ne, tun 1953 aka ƙirƙiro shi a Amurka, amma har gobe yana faɗin gaskiya idan aka bi shi a hankali. Doguwar sanda ce ta ƙarfe mara nauyi, kimanin mita 3.6, a kan mazauni mai ƙafafu. Tana lilo a kan wani ƙusa, gaban ya ninka bayan tsawo sau biyu, a ƙarshen bayan kuma akwai agogo mai allura da ke karanta kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Akwai na'urori na zamani da ake ja a bayan mota, masu sakin nauyi a kan faifai su karanta yadda hanya ta amsa da kwamfuta, sun fi sauri nesa ba kusa ba. Mu sandar ce a hannunmu.

Sai an sami tifa mai tagwayen tayoyi a baya, a loda mata tsakuwa busasshiya har ƙafar baya, wato tayoyin baya na hagu da dama da ke kan ƙarfe ɗaya, ta kai tan 13 daidai, wanda shi ne nauyin da ake lissafin hanya da shi a ƙasashen da ke bin tsarin Faransa. Mun kai ta sikeli, aka rage aka ƙara da shebur har ta zauna, sa'an nan muka lulluɓe lodin da tamfol, don in ruwa ya sauka ya jiƙa tsakuwar nauyin ya canja ke nan. Kowace safiya sai an duba iskar tayoyi. Direbanta wani dattijo ne daga unguwar Hausare a Garwa, ya yi shekaru yana jan manyan motoci zuwa Cadi kafin ya dawo tifa. Duk Baba muke ce masa.

Ga yadda ake yi. Tifa ta tsaya a kan lamba, tayoyinta a kan sawun da manyan motoci ke bi, na kusa da baki. A zura bakin sandar tsakanin tagwayen tayoyin har ya zauna a kan kwalta. In durƙusa a wajen agogo, in ɗan ƙwanƙwasa sandar da yatsa don kada allura ta maƙale, in karanta. Sai in ɗaga hannu, Baba ya ja gaba a hankali. Da nauyin ya bar wurin, hanyar da ta lotsa sai ta taso, allura ta juya. In jira ta tsaya cak, in sake karantawa, in ninka bambancin sau biyu saboda tsawon hannun sandar. Wannan lamba ita ce lotsawar hanya a ƙarƙashin tan 13, da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ake ƙirga ta. Hanya mai ƙarfi kaɗan take lotsawa ta dawo nan take. Mai rauni takan nutse sosai ta dawo a kasalance, wani lokaci ma ba ta dawowa daidai.

A faɗe abu ne mai sauƙi. A kan hanya kuwa komai yana iya ɓata karatun. Tirela ta wuce ta ɗaya hannun, ƙasa ta girgiza, allura ta yi rawa, sai a sake. Shi ya sa muke da masu jan tuta gaba da baya, kuma su ne suka fi kowa shan baƙar magana daga masu sauri. Rana ta doki sandar ta gefe guda, ƙarfen ya miƙe, allura ta fara tafiya da kanta, don haka akwai yaron da aikinsa riƙe laima ne a kanta. Ita ma kwaltar muna huda ta mu ɗiga mai mu sa ma'aunin zafi, domin kwalta mai kauri takan yi laushi da tsakar rana ta ba da lamba mai yawa, sai an gyara lissafin daga baya. Da asuba muke farawa, bayan salla, mu tsaya kafin azahar.

Ƙafar direba ma tana cikin awon. In ya fizgi motar ko ya bar ta ta ɗan koma baya kafin ta tashi, taya za ta taɓa sandar. Baba bai taɓa yi mana haka ba. Wata rana da muka shiga wani wuri mai sabon faci, baƙi wuluk, sumul, ya leƙo ta taga ya ce mini, "Ɗana, wurin nan duba shi da kyau. Ina ji motar tana zama." Na ce, "To, Baba, bari mu ji ta bakin allura." A baya, inda hanya ta bi kan tudu mai duwatsu, lambobin da nake samu ba su cika wuce 50 ko 60 ba, ko da yake kwaltar wurin ta tsufa, ta yi fari, ramuka ko'ina, direbobi suna ta kuka da ita. A kan sabon facin nan kuwa allura ta wuce 150. Na sake, ta maimaita. Muka matsa gaba, haka, muka koma ɗaya hannun, haka.

Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe game da aikinmu. Wurin da ya fi muni a ido ƙashinsa lafiya lau, fata kawai yake bukata. Wurin da ya fi kyau a ido shi ne ruɓaɓɓe. Da za a raba kuɗin gyara bisa ga abin da ake gani daga mota, da an tone mai lafiya an bar mara lafiya. Zuba kwalta a kan irin wannan wuri yaɓe ne a kan soron da gara ta cinye azararsa.

Sanda tana gaya maka akwai rauni, ba ta gaya maka a wace shimfiɗa yake ba. Don haka bayan mun jera lambobin mun raba hanyar yanki-yanki, masu hali iri ɗaya a haɗe, sai muka koma da kayan tono. Da farko akwai wani ƙarfe mai tsini da ake kafawa a ƙasa, da guduma mai kilo 8 da ke zamewa a jikinsa. A ɗaga ta santimita 57.5 a sake ta, a rubuta milimita nawa tsinin ya shiga. A shimfiɗa mai kyau sai a yi ta bugu yana shiga kaɗan-kaɗan. A wurin facin nan, da ya wuce shimfiɗar farko, bugu ɗaya sai ya nutse da yatsu biyu ko uku. Yaran da ke ɗaga gudumar ma sun gane ba sai an yi musu bayani ba.

Sai rami. A bakin hanya ake yanka shi, rabi a kan kwalta rabi a gefe, zurfin kamar mita ɗaya, da diga da shebur. Ni na fi son wannan mataki a duk aikin, domin a nan ne tarihin hanya yake fitowa a bango ɗaya. Ka ga kwaltar farko, ka ga wadda aka ƙara a kanta, ka ga facin baya-bayan nan. Ka sa tef ka auna kaurin kowace shimfiɗa, ka kwatanta da abin da tsoffin takardu suka ce an zuba. A ramin kan tudu mun tarar da jar marmara a bushe, a daddanne, diga tana tartsatsi a kanta. A ramin karal kuwa marmarar ta sauya kama. Baƙar laka ta taso daga ƙasa ta cakuɗe da ita, saboda kowace taya da ta wuce tana matsa jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruwa da laka su yi sama. In ka damƙa sai ta dunƙule a hannu ta bar maka danshi. Kafin mu gama ɗibar samfuri ruwa ya fara tsattsafowa a gindin ramin.

Kowace shimfiɗa buhunta dabam, da lambar wuri da zurfi a rubuce ciki da waje. Na awon danshi a gwangwani ake rufe shi ruf a naɗe da leda nan take, don zafin nan yana iya shanye shi kafin a kai Garwa. Muna kuma auna yadda aka danne ƙasar, ta hanyar haƙa ɗan gurbi, a auna nauyin abin da aka fitar, a cika gurbin da yashin da aka san nauyinsa. Ramin kuma ba ya kwana a buɗe. A mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan ana daddannewa, a rufe da kwalta. Masu babur da dare ba su san da shi ba, kuma ran mutum ya fi duk wani samfuri.

Muna cikin wannan tono ne lawanin ƙauyen da muka je gaisarwa ya zo da kansa, da wani dattijo manomi mai jin Hausa sosai. Injiniya ya taso ya tarye su. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa muka tarar a ƙasa. Yaya wurin nan yake da tsakiyar damina?" Dattijon ya nuna gefen hanya da sandarsa ya ce, "Yallaɓai, nan duk tafki ne a watan da ruwa ya fi ƙarfi. Da can yana wucewa ta kwalbatin can. Yanzu yashi ya cike shi, sai ya kwanta a jikin hanya har ya gaji ya ƙafe." Muka je muka duba. A takardata na riga na rubuta cewa kwalbatin a toshe yake, amma ban san tsawon lokacin da ruwa yake kwanciya ba, ban kuma san iyakar inda yake kaiwa ba. Dattijon ya taka da mu ya nuna farko ya nuna ƙarshe. Da muka ɗora a kan lambobin sanda, kusan daidai da inda suka yi sama ne. Tun daga ranar, duk inda za mu yi rami sai na nemi wanda ke noma kusa da wurin.

Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Yashe kwalbati aikin mutum kaɗan ne da shebur da baro kafin ruwan farko. Rashin yinsa ya jawo sake gina hanya tun daga tushe.

A gefe guda wasu abokan aikinmu suna zaune a rumfa dare da rana suna ƙirga motoci, kowace iri da layinta a takarda, ana kuma tsayar da wasu manya a hau da su ƙaramin sikeli ƙafa-ƙafa. Dokar Kamaru ta ƙayyade tan 13 ga ƙafa ɗaya, 21 ga biyu a haɗe, 27 ga uku, mota gaba ɗaya kuma kada ta wuce tan 50. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ɓarnar ba ta tafiya daidai da nauyi. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in nauyin ƙafa ya ninka biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Da wannan lissafi, ƙafa mai tan 16 ta fi mai tan 13 ɓarna fiye da ninki biyu, mai tan 20 kuwa fiye da ninki biyar. Ƙananan motoci da babura, duk yawansu, kusan ba a sa su a lissafin kaurin hanya.

Na yi wannan bayani ga wani direban tirela a teburin mai shayi, bayan ya tambaye ni ko mu ne za mu sa a ƙara matsa musu a sikeli. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, na ji, kuma gaskiya ne. Amma ni ba ni nake lodi ba. Mai kaya yana biya da tan, mai mota yana lissafin mai da taya da abin da ake kashewa a hanya. In na ce ba zan ɗauka ba, gobe wani ne a kujerar." Ban da amsar da zan ba shi, don na san ba ƙarya ya yi ba. Shi ne ma ya fi kowa shan wahalar ramukan, shi ke kwana a daji in sifirin ya karye. Maganar lodi daga inda ake lodin ya kamata a kama ta. Mu dai abin da ya hau kanmu shi ne mu sa nauyin da muka gani da idonmu a lissafi, ba wanda doka ta ce ya kamata a gani ba.

A ɗakin gwaji a Garwa aikin ya koma na haƙuri. A wanke samfuri a tace shi a jerin rariya, a ga kashi nawa ne ya wuce ta ƙarshe mai ƙananan ƙofofi, domin yawan gari a cikin marmara shi ke rage mata ƙarfi. A kwaɓa garin da ruwa a murza shi a kan gilashi har ya zama zare mai kaurin milimita 3, a ga a wane danshi yake fara karyewa. Wannan ke nuna yawan danƙon laka. A daddanna wani a cikin gwangwanin ƙarfe da guduma, a gano danshin da ƙasar ta fi dannuwa da shi. Sai babban gwajin, CBR, wanda ya samo asali daga Kalifoniya: a danna ƙasa a gwangwani, a nutsar da ita cikin ruwa kwana 4 ana auna yadda take kumbura, sa'an nan a tura mata ƙarfe da inji a ga ƙarfin da ta yi, a kwatanta da na niƙaƙƙen dutse mai kyau wanda aka ba 100. Littafin lissafin kaurin hanya na ƙasashe masu zafi da muke aiki da shi, na cibiyar CEBTP ta Faransa, ya raba ƙasa aji biyar, daga S1 mai ƙasa da 5 zuwa S5 mai sama da 30. Shimfiɗar farko ta babbar hanya ana son ta kai 80, ta biyu 30. Lakar karal ɗinmu ba ta kai 5 ba, ta kuma kumbura har ana gani da ido. Marmarar da ta cakuɗe da ita ta faɗo ƙasa da abin da ake nema ko a shimfiɗa ta biyu. Ta kan tudu kuwa tana nan da ƙarfinta.

Daga nan injiniya ya shimfiɗa doguwar takarda, kilomita a jere daga hagu zuwa dama, ya ɗora komai layi bisa layi: makin ido, lotsawa, kaurin shimfiɗu, ajin ƙasa, halin magudanai. Inda maki ya yi muni amma lotsawa kaɗan ce, a cike ramuka a sake fata. Inda duka biyun suke tsaka-tsaki, a ƙara kauri, gwargwadon yawan manyan motocin da ake sa ran za su bi a shekarun da aka ɗiba wa hanyar. Inda lotsawa ta yi yawa kuma rami ya tabbatar da dalili, a tone, a ɗaga hanyar sama da inda ruwa ke kwanciya, a raba laka da shimfiɗa da ƙasa mai kyau ko a gauraya lakar da farar ƙasa don ta rage kumburi, a faɗaɗa gefe a rufe shi da kwalta yadda jiƙa da bushewa za su tsaya nesa da sawun taya. Wuraren da ido da sanda suka saɓa wa juna ba mu yanke musu hukunci a ofis ba, komawa muka yi muka ƙara rami.

An yi muhawara a kan kayan gini. Marmara mai kyau tana ƙaranci yayin da ake yin arewa, kuma ɗauko ta daga nesa yana cin kuɗi, tifofin da ke ɗauko ta ma a kan hanyar nan za su bi. Shawarar da aka tsaya a kai ita ce a niƙe tsohuwar shimfiɗar a inda take da sauran amfani, a ƙarfafa ta da siminti kashi 3 ko 4 cikin ɗari tunda ga Figil kusa, a wasu wuraren kuma a gauraya ta da niƙaƙƙen dutse daga duwatsun yankin. Ni na goyi bayan haka, da sharaɗin a gwada kowane gauraye a ɗakin gwaji tukuna, domin siminti in ya yi yawa shimfiɗar takan yi tauri ta dare, tsagar kuma ta biyo har saman sabuwar kwalta.

A shafin farko na rahoton, kafin maganar manyan ayyuka, injiniya ya yarda na sa jerin abubuwan da ba sa jiran kwangila: kwalbatocin da za a yashe da lambar kilomitarsu, magudanan da za a buɗe, da dogayen tsagun bakin hanya da za a toshe da narkakkiyar kwalta kafin ruwan watan Yuni. A ƙarƙashinsa ya rubuta da hannunsa cewa lambobin lotsawar na wannan damina ne, in aka bar hanyar ta sha wasu damuna biyu ba a fara aiki ba, yankunan karal sai an sake auna su kafin a yi amfani da kaurin da muka bayar.